Rahoton Ayyukan Shekarar 2024: Riƙon 'Ya'yan Kyanwa a Zariya

Assalamu alaikum. Shugaba, Ma'aji, iyayenmu mata da sauran 'yan uwa.

Da maganar kuɗin wata-wata zan fara, don na san in na ajiye ta ƙarshe, waɗanda ta shafa ba za su karanta su kai can ba. Fiye da rabin sunayen da ke rajista ba su ba da ko sisi ba tun bayan ƙaramar Sallah. Ma'aji ya tura saƙo a zauren WhatsApp, ya kira waya, wasu har gida ya bi su, amsar dai ba ta sauya ba: "A ƙara haƙuri, sai ƙarshen wata." Ba wanda bai san halin da ake ciki ba. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, ɗaukar kyanwa marar lafiya a Keke daga Ƙofar Doka zuwa Asibitin Koyarwa na Dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello (ABU) a Samaru sai an yi lissafi. Amma ai masu biya ma a kasuwa ɗaya muke sayayya da su.

An yi tarukan wata-wata, ban da na cikin azumi.

Riƙo ya ci gaba, a hannun gidajen nan da kowa ya sani. Yawancin jariran daga bayan rumfunan kasuwar Sabon Gari suka zo, sai waɗanda aka tsinta a kwalbati a Tudun Wada da Gyallesu, da na cikin silin da masu gida suka fitar a kwali. Ga waɗanda ke tambaya a zaure wai me masu riƙo ke yi da har ake saya musu madara da kuɗin ƙungiya: ɗan kyanwar da bai kai sati 2 ba, kowane awa 2 zuwa 3 ake ba shi madara, dare da rana, da sirinji ko ƙaramin bulumboti, yana kwance rub da ciki don kada ya shaƙe. In ya sha, sai an goge masa ƙasan wutsiya da tsumma mai ɗumi kafin ya yi fitsari ko kashi, don aikin da uwarsa ke yi masa da harshe ke nan. Ba ya iya ɗumama jikinsa, shi ya sa a hunturun Janairu aka riƙa kwana ana sauya ruwan zafi a gora ana naɗe ta da zani. Sai ya kai wajen sati 4 yake fara lasar abinci. Da azumi, Hajiyarmu ta Hanwa ta ce ita ba ta buƙatar mai tashe ta sahur, 'yan kwalin sun isa. Allah Ya saka mata da alheri.

Mun yi rashi, kuma na ji ana ƙananan maganganu a kai. Yawancin waɗanda suka mutu sun iso mana ne jiki ya riga ya yi sanyi, ko kuma mai tsintuwa ya ɗura musu madarar shanu ko ta shayi, gudawa ta kama su. Akwai wadda aka ba farasitamol da kyakkyawar niyya, alhali guba ce ga kyanwa. Mai son ya ɗora laifin a kan masu riƙo, bismillah, ya karɓi kwali ɗaya ya kwana da shi.

Kejin keɓe marasa lafiya da muka yi alkawari bara bai kammala ba. An ba mai walda kafin alƙalami, ya haɗa ƙarfen, saura raga da ƙofa. Kafin mu kawo ciko farashi ya tashi, kuɗin da aka ware kuma ya tafi ga magani lokacin da murar kyanwa ta shiga gida biyu da damina. Kwamiti ne ya yanke haka, kuma yana cikin bayanan taro. Aikin tsayar da haihuwa ma sai kaɗan aka yi, galibi fiɗiyar muzurai, don na mata babbar tiyata ce kuma ta fi tsada. Wannan shi ya fi damu na. Cikin kyanwa wata 2 ne da 'yan kwanaki, tana kuma iya haihuwa sau 2 ko 3 a shekara, saboda haka uwar da muka bari a kasuwa bana ita za ta cika mana kwalaye baɗi.

Sai abin farin ciki. Ranar Asabar 28 ga Satumba, wadda ita ce ranar yaƙi da ciwon haukan kare ta duniya, muka yi rigakafi da miƙa kyanwoyi ga masu so, kuma wallahi ba mu zaci jama'a haka ba. Tun kafin a gama kafa rumfa yara suka fara layi, wani da kyanwa a kwando, wani a buhu ya huda mata wurin shan iska. 'Yan uwanmu ɗaliban likitancin dabbobi suka tsaya da likitan da ya ba mu ranarsa kyauta, ana duba ƙuma, ana ba da maganin tsutsar ciki, duk wadda ta kai wata 3 a yi mata allura. Da yawa ranar suka fara jin cewa kyanwa ma tana ɗaukar wannan ciwo, kuma in ta yi cizo ko yakushi a wanke wurin da sabulu da ruwa na minti 15 a tafi asibiti. Limamin unguwa ya yi gajeren jawabi kan matar da ta shiga wuta saboda ta kulle kyanwa ba ci ba sha, wurin ya yi tsit. Baƙar kyanwar nan da ta daɗe a hannunmu saboda camfin mutane, wani dattijo mai shagon hatsi ya ɗauke ta, ya ce shi ɓeraye ne suka hana shi barci, ba aljanu ba. Ba mu ba da wadda ba ta kai sati 8 ba, duk da roƙon da aka yi ta yi. Alluran sun ƙare kafin la'asar, muka ba sauran haƙuri. Gudummawar da aka tara a ranar ita ta biya bashin madara.

Wasu mambobin da ba mu gani ba tun Janairu sun zo ranar, sun shiga hoto, an gode. Da aka zo kwashe kujeru kuma, mutanen nan ne dai na kullum. An mayar da kwamiti kyanwar Lami, ba cizo ba yakushi, to bana mun gaji.

Kwamiti ya ba da shawarar cewa duk wanda bashinsa ya kai wata 6 kuma bai zo ya yi bayani ba, a cire sunansa daga rajista da zaure. Wanda ba shi da kuɗi ya kawo tsohon zani, ko ya ɗauki jigilar asibiti, ko ya karɓi riƙo na sati ɗaya don masu yi su huta. Za a kaɗa ƙuri'a a kan haka a taron Janairu, tare da zaɓen sabon sakatare, don ni ba zan sake tsayawa ba. Littafin Ma'aji na nan a buɗe ga mai son dubawa, a zo da rasit.

Wassalam.
Sakatare