Idan ciniki ya ƙi shiga, na'ura ta gaya wa mutum inda kuɗinsa suke

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni ɗan fili in yi magana da masu ƙera manhajojin banki da na'urorin POS a kan wani abu da suke rainawa, wato ɗan rubutun da ke fitowa idan ciniki ya ƙi shiga.

Duk mai sana'ar POS ya san lamba 91. Ita da 'yan uwanta sun fito ne daga ƙa'idar ISO 8583, wadda bankuna ke bi wajen aika wa juna bayanan katin cirar kuɗi. Lamba 51 tana nufin kuɗin asusu ba su kai ba, 55 kuma lambar sirri ce ba daidai ba, ita kuwa 91 bankin mai kati ne, ko na'urar da ke tsakani, ba su amsa ba. Domin injiniyoyi aka tsara lambobin, kuma a wurinsu suna da amfani. Amma sai a buga su a risit da guntun Turancin da ko ɗan boko sai ya yi tambaya, a miƙa wa dattijuwar da ta zo cirar dubu biyar na cefane.

Inda rigima take shi ne, sau da yawa risit ya nuna ciniki bai shiga ba, alhali alat ya shigo wayar mai kati cewa an cire. Ita ta ce an ci kuɗinta, mai POS ya rantse bai ga ko kwabo ba, kuma dukansu gaskiya suka faɗa. Wanda ya ga layukan da aka yi a farkon 2023, lokacin ƙarancin takardun naira, ya ga irin wannan cacar baki har ya gaji. Ga shi kuwa tun watan Yunin 2020 Babban Bankin Najeriya ya sa wa'adi: awa 48 idan ATM ɗin wani banki ne ya riƙe kuɗin, awa 72 idan ta POS ne ko ta intanet. Me zai hana risit ya faɗi haka? "Bankin mai kati bai amsa ba. Idan an cire kuɗi, za su dawo cikin awa 72. Kada a maimaita yanzu." Sai a sa lambar cinikin a ƙasa domin kai ƙorafi, a bar 91 ɗin a can gefe ga mai buƙatarta.

Ba ni na ƙago wannan tsari ba. Tun 1994 Jakob Nielsen, masanin sauƙaƙa amfani da manhaja, ya sa shi cikin ƙa'idoji goma da masu tsara manhaja ke karantawa: saƙon kuskure ya zo da magana mai sauƙi, ya nuna ainihin matsalar, ya ba da mafita. Gwamnatin Birtaniya ma ta rubuta wa masu gina shafukanta cewa a ajiye saƙon kusa da gurbin da aka yi kuskuren, kuma kada a goge abin da mutum ya riga ya cike. Wannan na biyun ya fi ci mini tuwo a ƙwarya. Mutum ya cike gurbi goma sha da datar da ya saya da ƙyar, lamba ɗaya ta kuɓuce, fom ya dawo fari fat.

Da ma an yi masa bayani tun kafin ya fara, da bai kai ga kuskuren ba. Lambar asusu guda 10 ce, BVN da NIN kuwa 11 kowacce. A rubuta haka a ƙarƙashin sunan gurbin, inda zai zauna daram, maimakon dusasshen rubutun cikin gurbi da ke ɓacewa da zarar an taɓa shi. A faɗi ko rana ce ke gaba ko wata a ranar haihuwa. Jan launi shi kaɗai bai isa ba, domin akwai waɗanda ba sa bambance ja da kore, akwai kuma makafi da manhaja ke karanta wa allo.

Sai batun sunayenmu. Sa'adatu da Mu'azu da Isma'il suna shan kora daga fom saboda alamar da ke tsakiyar sunansu, haka ma mai ɗ ko ƙ a suna, kuma saƙon sai ya ce sunan ne ba daidai ba. Sunan da aka raɗa da rago! Gazawar manhaja ce. In ba za a gyara ba, a faɗi haruffan da take karɓa.

Na san akwai inda ake dunƙule magana da gangan. Wajen shiga asusu ba a cewa ga wanda aka kuskure tsakanin suna da kalmar sirri, don kada a haska wa ɓarawo hanya. Wannan hujja ce, amma ba ta shafi mai son sanin ko kuɗinsa sun fita ba.

Roƙona ga Babban Banki da NIBSS, kamfanin da ke haɗa hada-hadar kuɗi tsakanin bankunan Najeriya, shi ne su fitar da jerin saƙonni iri ɗaya ga lambobin da aka fi gani, su wajabta buga su a risit da Hausa da Yarabanci da Ibo tare da Turanci. Masu rubuta na Hausa kuma su yi amfani da "a sake", "a duba", domin na'ura ba ta san ko namiji ne a gabanta ko mace ba.

Na gode.

Naka,
Mai karatu daga Zariya