Wasiƙa zuwa ga mutumina a Ingila, kan kabarin Warwick

Assalamu alaikum, mutumina.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya da iyali, da sanyin garinku. Wata huɗu ba ka ce uffan ba, sai ga hoton kabari ka turo ba ko sallama, wai in fassara maka. Hali dai zanen dutse.

Wanda ke kwance nan Richard Beauchamp ne, mai sarautar Earl ta Warwick, wanda ya rasu a Rouen ta Faransa a 1439. Kuma don Allah ka daina karanta sunan yadda aka rubuta shi kana ba mu kunya, Bicam suke cewa. Ɗakin da kabarin yake ciki, a cocin St Mary na garin Warwick, dominsa aka gina shi, kuma ya tsira daga gobarar 1694 da ta cinye yawancin cocin. Mutum-mutumin tagulla ne da ruwan zinariya, sanye da sulke, a kan akwatin marmara na Purbeck.

Ka ce ƙananan mutanen da suka kewaye akwatin kakanninsa ne. Nan ka kauce hanya, kuma shi ya sa na zauna rubutu. Su goma sha huɗu ne, masu makoki, kowanne da garkuwarsa a ƙarƙashinsa, kuma 'ya'yansa ne da surukai da dangin aure. Akwai ɗansa Henry da matarsa, akwai John Talbot da ya auri 'yarsa Margaret, akwai Richard Neville mijin wata 'yar tasa Anne, wanda sarautar ta koma hannunsa a 1449 ta wajen matar. Ka nemi jar garkuwa mai farin gicciye a karkace kamar alamar sau, wannan ta gidan Neville ce. Za ka gan ta fiye da sau ɗaya, don an yi auratayya sosai tsakanin gidajen biyu.

Asalin kakanni a cikin garkuwar shi kansa mamacin ake karanta shi. Tambarin Beauchamp ja ne, da ɗamarar zinariya a kwance a tsakiya, da ƙananan gicciye shida, uku sama uku ƙasa. Wanda ake haɗa shi da shi kuwa gida-gida ne kamar allon dara, zinariya da shuɗi, da wani farin layi mai tsini kamar jinka. Wannan na tsofaffin masu sarautar Warwick ne, wadda ta shigo gidan Beauchamp ta wajen mace a 1268. Ƙa'idar ke nan: in an raba garkuwa huɗu, gado ne, wato an auri macen da ba ta da ɗan'uwa namiji, 'ya'yanta suka ɗauki tambarin gidan ubanta. In an tsaga ta biyu daga sama zuwa ƙasa, aure ne kawai, miji a dama, mata a hagu.

To amma damar wa? Damar mai riƙe da garkuwar, ba taka ba. Kai da kake kallo, miji yana hagunka. Ga shi kuma hotonka na biyu da kyamarar gaba ka ɗauka don fuskarka ta fito, wayar ta juya komai, ka mayar da mazan mutane mata. Ka sake ɗauka da ta baya, ka tsuguna daidai tsayin garkuwar, ban da filasha, don tagulla tana mayar da haske launin ya ɓace. Launi kuwa shi ne rabin karatun: zane ɗaya da launi daban, gida ne daban.

Af, kafin in manta, ƙanenka ya sayi babur ɗin nan da Hajiya ta hana, yanzu ba mai barci a layin. An kuma sa ranar 'yar gidan Kawu bayan Sallah, ka fara tanadin gudummawa.

Mu koma kan kabarin, ka duba ƙafafun mutum-mutumin. Dabba biyu ce: beyar da aka ɗaure wa baki, alamar Warwick, da wata ta almara mai kan gaggafa da jikin zaki, wadda ake dangantawa da gidan matarsa ta biyu, Isabel Despenser. Kansa na kan kwalkwali mai tsuntsun ruwa mai dogon wuya. Tsarin da ka sani ne a tambarin Najeriya, garkuwa a tsakiya, gaggafa a sama, dawakai a gefe. Abin da ya fi burge ni shi ne rubutun da ya zagaye bakin akwatin: maƙeran sun riƙa cusa 'yan ƙananan beyar da kututture mai guntayen rassa tsakanin kalmomi a madadin aya. Ka kusanta sosai ka ɗauko min wannan.

Ka kuma tambaye ni wani abu game da kuɗin jirgin ƙasa, sai a wasiƙa ta gaba. Ka gaida Maman yara, ka shafa min kan ɗan autan.

Naka har kullum.