Wasiƙa zuwa ga Maman Ummi, a kan gwal da wata tsohuwar munduwa

Birmingham, Ingila
Daren Lahadi

Aminiyata Maman Ummi,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. Ya jikin Inna? Na ji kin ce ƙafar ta sake tashi, Allah Ya ƙara sauƙi, Ya sa kaffara ne. Mu nan lafiya ƙalau, sai dai sanyi. Ƙarfe huɗu da rabi na yamma gari ya yi duhu kamar an idar da isha'i.

Na san halinki, kin riga kin yaga ambulan ɗin nan kin wurgar. To tashi ki ɗauko shi kafin yara su share. Akwai wani jan abu manne a bayansa, shi ya sa na zauna na rubuta takarda da hannu maimakon in cika miki waya da surutu. Ki ajiye shi a gefe, zan zo kansa.

Bari in fara sauke nauyin da kika ɗora mini, maganar gwal ɗin bikin Ummi. Kada ki turo kuɗin. Na zaga, na tambaya, kuma ba riba. Yawancin abin da Turawan nan suke sa wa a wuya su kira shi gwal, mai lamba 9 ne. In kin juya bayansa za ki ga an buga 375, wato a cikin kashi 1,000 kashi 375 ne kawai zinari, sauran jan ƙarfe ne da azurfa da makamantansu. Ki kwatanta da namu ɗan Saudiyya mai lamba 21 da ake buga wa 875. Ki kai wa dangin ango mai 375 ki ji abin da za a faɗa a tsakar gida! Mai lamba 22 akwai shi a shagunan Indiyawa na titin Soho, jawur da shi, amma a nan ana ɗora harajin kashi 20 cikin 100 a kan kayan ado, Dubai kuwa kashi 5 ne. Ki ba wa mai zuwa Umara ko Dubai sautu, ko ki sa Hajiya Babba ta raka ki wajen mutuminta na kasuwa, ya fi miki.

Sai dai wajen yi miki wannan cigiyar ne ni na faɗa rami.

Akwai wata unguwa a garin nan ta maƙeran zinari da azurfa zalla, sun fi shekara 200 suna sana'ar a wurin. Har ofishin gwada gwal suke da shi tun 1773, kuma alamar da yake bugawa a jikin kaya ita ce ƙugiyar tsayar da jirgin ruwa, alhali garin ko ƙamshin teku ba ya ji. Ina cikin yawo ruwan sama ya kora ni wani ɗan shagon tsofaffin kaya. 'Yan wannan kasuwa sun raba kayansu gida biyu: abin da ya kai shekara 100 shi ne tsoho na gaske, wanda bai kai ba kuwa ɗan jiya ne, kuɗinsu ma daban. A cikin gilashi na hango wasu mundaye da ban taɓa ganin irinsu ba. Ba awarwaro ba ne irin namu, duwatsu ne aka jera, kowanne a cikin bakin zinari, aka sarƙafe su da juna. Na ɗauka duwatsun sumul suke. Da tsohon mai shagon ya miƙo mini ɗaya na shafa da babban yatsa, sai na ji rami-rami.

Sunan aikin intaliyo, kalmar Italiya ce mai nufin sassaƙa. Ana ƙwaƙule zanen ne zuwa cikin dutsen, ba a fito da shi waje ba. Maƙerin yana aiki da wasu 'yan mitsi-mitsin ƙarafa masu juyawa, yana shafa musu garin lu'ulu'u da mai, don aƙiƙ ya fi ƙarfin wuƙa. Abin da ya fi ɗaure mini kai, komai a juye yake sassaƙa shi, dama ta koma hagu, rubutu ya koma baibai. Ba ya ganin aikinsa daidai sai ya danna dutsen a kan kaki. Ashe dai hatimi ne, Maman Ummi. Kowane dutse a jikin munduwar hatimin wani ne da ya daɗe da zama ƙasa.

Nan take karatun Islamiyya ya dawo mini. Kin tuna da aka ce wa Manzon Allah (SAW) sarakuna ba sa karanta wasiƙar da ba ta da hatimi, sai ya sa aka yi masa zoben azurfa, aka rubuta Muhammadu Rasulullah a layi uku? Shi ne zoben da ya faɗa rijiyar Aris daga hannun Sayyidina Usman. Shekara nawa muna jin wannan hadisi, ban taɓa tsayawa na yi tunanin hannun da ya yi sassaƙar ba sai ranar.

Munduwar farko da idona ya faɗa a kai a shagon kawunan mutane ne a jiki, sojan Rum da hular ƙarfe, da wata mata da aka ce allahiyarsu ce ta da. Kyau kam ba a magana, har gashin gira ana gani a dutsen da bai fi ƙwayar gurjiya ba. Amma na mayar, kin san ba zan tsaya sallah da gunkin Rumawa a hannu ba. Tsohon ya yi dariya, ya ce ai da wuya ma a ce Rumawan ne suka yi ta. A ƙarni na 18 'ya'yan masu kuɗin Ingila suna zuwa Italiya yawon buɗe ido, kowa yana son ya dawo da dutsen da aka tono daga kufai, su kuwa maƙeran Rum ba su ƙi ba, suka yi ta ƙera sabo suna sayarwa da sunan tsoho. Ya ba ni labarin wani basaraken Folan, Poniatowski, ɗan ɗan'uwan sarkinsu na ƙarshe, wanda ya tara irin duwatsun nan wajen 2,500, da sunayen maƙeran Girka na da can a jikinsu. Ya mutu a 1833. Da aka yi gwanjonsu a Landan a 1839, asiri ya tonu: shi da kansa ya sa maƙeran zamaninsa suka sassaƙa masa. Kasuwar duwatsun ta daɗe ba ta farfaɗo ba. Yanzu kuma, ki ji ikon Allah, jabun nasa nema ake yi ruwa a jallo, saboda aikin hannun ya kai aiki.

Wadda na ɗauko duwatsu biyar gare ta. Uku jan aƙiƙ, ɗaya kore mai ɗigon ja kamar an yayyafa masa jini, ɗaya kuma shunayya. Babu fuskar kowa. Ɗaya haruffa biyu ne a harɗe, ɗaya damin alkama, ɗaya ƙugiyar jirgi, ɗaya fure, shunayyar kuwa rubutu ne da na kasa karantawa. A jikin maɓallinta an buga 15, lambar da ban taɓa ji ba. Ashe a 1854 aka halatta lamba 9 da 12 da 15 a ƙasar nan, aka soke 12 da 15 a 1932. Ke nan maɓallin kaɗai ya girmi Inna.

Kin san me ya mayar da hatimai abin hannu? Gidan waya. Kafin 1840 kuɗin aika wasiƙa a nan da yawan falle ake lissafa shi, ambulan ma falle ne, don haka sai mutum ya ninke takardar kanta, ya ɗiga mata narkakken danƙo, ya danna hatiminsa. Maza suna rataye nasu a sarƙar agogon aljihu. Da aka koma awo da nauyi, ambulan mai gam kuma ya yawaita, hatimi ya rasa aikin yi. Aka bar su a akwatunan kakanni, har jikoki suka zo suka cire duwatsun suka ba maƙeri ya jera.

Ba zan rubuta kuɗinta ba, don ƙanin Baban Khalil ne zai kawo miki takardar nan, kuma ban yarda da shi ba. Abin da zan faɗa, na ɗora ta a sikelin kicin ta ba ni giram 19 har da duwatsun. In da a layin 'yan gwal ne, ɓamɓare duwatsun za su yi su miƙo mini a leda, su auna ɗan abin da ya rage, su biya ni abin da bai kai rabin kuɗina ba. Na kwana biyu ina jin haushin kaina. Mu ai gwal rumbu ne. Mace ta sa shi ranar biki ta yi kyau, ranar da asibiti ko kuɗin makaranta ya taso ta cire ta kai kasuwa ba tare da ta roƙi kowa ba. Ban manta ranar da kika sayar da 'yan kunnenki na aure lokacin aikin idon Baba ba, kika dawo kina dariya kina cewa kunnen ma ya huta. Ba ya tsatsa, ba ya dusashewa, naira ta faɗi shi ya tashi. Wannan tawa kuwa ba za ta fitar da ni kunya irin haka ba. Ina sane, kuma na saya. Tun da na zo ƙasar nan ban taɓa riƙe wani abu nasu na ji ya yi mini magana ba sai ita.

Ga kuma abin da ya ƙara mini zafi. Na kai ta wajen wani maƙeri ya gyara mini maɓalli, ya sa madubin ido ya duba, ya kara duwatsun ɗaya bayan ɗaya a kumatunsa. Ya ce huɗu duwatsu ne, sun fi sanyi. Shunayyar kuwa kwalba ce, ya nuna mini 'yan kumfa biyu a cikinta kamar idon kifi. Mai shagon bai faɗa mini ba, ni ma ban tambaya ba. Raina ya ɓaci, har na fara shirin komawa. Sai maƙerin ya ce in yi haƙuri, kwalbar ma ba ta jiya ba ce. Wani ɗan Sukotland, James Tassie, ya shahara da kwafar duwatsun hatimi a kwalba, kundin kayansa na 1791 ya haura guda 15,000, kuma bayan mutuwarsa aka ci gaba da yin masu arha da 'yan gajerun kalmomi, don marasa ƙarfi su ma su samu abin rufe wasiƙa. Tawa irin waɗannan ce. Ban koma ba.

Wani abu kuma da zai ba ki mamaki. Da maƙerin ya ji daga inda na fito, ya ce jan aƙiƙ irin wannan da yawa a wani garin Jamus aka yanka shi, Idar-Oberstein, kuma garin ya daɗe yana yanka wa 'yan kasuwar Afirka duwatsu. Kin tuna jan dutsen nan mai zobe a sama da tsini a ƙasa da kakarku ta Agadas take kitsawa a gashi, irin na matan Abzinawa, wanda muka taɓa ɗauka muka sha duka? Da yawansu can aka yi su. In yana nan a kayan Inna, don Allah ki ɗauko mini hotonsa, kada wani yaro ya yi wasan 'yar carafke da shi.

To, koma kan ambulan. Rubutun da ke jikin shunayyar ya ƙi karantuwa, na juya shi ta ko'ina, har gaban madubi na kai shi. Ranar Juma'a ina murza cincin sai dabara ta zo mini, na gutsuri ƙullin na danna a kai. Almakashi ne ya fito, a buɗe, da rubutun Turanci kewaye da shi, ma'anarsa: rabuwa muke yi don mu sake haɗuwa. Na tsaya da gari a hannu ina kallo har mai ya fara hayaƙi a kasko. Shekara shida ke nan rabona da ganinki, Maman Ummi.

Na fara gwadawa da kyandir, ya ƙi kamawa, ya ƙona mini ɗan yatsa a banza. Sai da na sayo jan danƙon hatimi na gaske, na ɓata ambulan uku kafin na huɗun ya fito. Gefe ɗaya ya ɗan zame don munduwar ba ta da mariƙi, amma in kin kai shi bakin taga za ki ga almakashin. In kuma zafin Kano ya narkar da shi a jakar yaron nan, ki faɗa mini in sake wani.

Ki tambayo mini nawa giram ɗin ɗan Dubai yake yanzu a wajenku, ina son in sa hannu a 'yan kunnen Ummi, kuma ban son musu. Ki turo mini hoton ankon da wuri, telan nan sai an ba shi wata biyu. Ki gaishe da Inna da kyau, da Baban Ummi, da Hajiya Babba. Khalil yana gaishe da Abba, wai har yanzu yana bin sa ƙwallo.

Taki har kullum,
Maman Khalil