Wasiƙa daga Lambu a Ƙarshen Hunturu

Assalamu alaikum, aminina,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana cikin ƙoshin lafiya, kai da iyali baki ɗaya. Wasiƙarka ta iso, kuma na ji daɗin tambayar da ka yi game da ɗan lambun da ke bayan gidana, domin a 'yan makonnin nan babu abin da ya fi shi zama a raina. A nan ƙasar da nake, inda ake dusar ƙanƙara, muna ƙarshen watan Fabrairu ne, sanyi bai sake mu ba tukuna, har yanzu da asuba nakan tarar ruwan bokiti ya daskare, amma rana ta fara daɗewa kafin ta faɗi. Tun daga 21 ga Disamba, ranar da yini ya fi gajarta, haske yake ƙaruwa kaɗan-kaɗan, kuma in Allah ya kai mu wajen 20 ga Maris dare da yini za su daidaita. Masu lambu sun daɗe da lura cewa shuka ba ta wani girma muddin hasken yini bai kai awa 10 ba, mu kuwa a cikin watan nan muka haye wannan iyaka.

Tafarnuwa ce ta fara yi mini albishir. A watan Oktoba na binne ta, na lulluɓe komin da busasshen ganye, saboda tana buƙatar ta kwana cikin sanyi na makonni kafin kanta ya rabu sala-sala. Shekaranjiya da safe na durƙusa na ɗan yaye ganyen da yatsa, sai ga kawunan tsiro kore shar, masu tsini kamar allura, tsawonsu bai wuce gaɓar yatsa ba, raɓar da ta daskare tana manne a jikinsu. Na daɗe a durƙushe ina kallonsu har gwiwoyina suka yi sanyi, sannan na mayar da ganyen a hankali yadda na same shi. A gindin katanga kuma wani ɗan farin fure mai sunkuyar da kai ya huda ragowar dusar ƙanƙara ya fito, tsuntsaye ma sun fara kuka tun kafin gari ya waye sosai.

Sai dai waɗannan alamu su ne suka ruɗe ni bara, abin da har yau nake jin zafinsa. An samu mako guda na ɗumi a watan Afrilu, na ɗauka sanyi ya yi sallama ke nan, na kwashe tumatirin da na rena a ɗaki na dasa shi a waje. A dare na biyar sama ta washe, iska ta tsaya cik, zafi ya sauka ƙasa da sifiri, da gari ya waye na tarar ganyen ya yi baƙi ya langaɓe kamar an watsa masa tafasasshen ruwa. Ko gindi ɗaya bai tsira ba. Saboda haka bana na koma ga lissafi: na duba lokacin da daskarewar ƙarshe takan faɗo a yankinmu, na ƙirga mako 6 zuwa 8 baya, a nan ne zan zuba irin tumatir a ƙananan tukwane kusa da taga. Barkono da tattasai sun fi shi nawa, suna son mako 8 zuwa 10, don haka su na riga na shuka, na ajiye su inda ɗumin ƙasar tukunyar yake tsakanin digiri 21 da 27 a ma'aunin Celsius. Idan lokacin dashe ya yi kuma, zan riƙa fitar da su waje na 'yan awoyi kullum, ina ƙarawa har kwana 10, domin su saba da iska da rana.

Ƙasar lambun ma ban taɓa ta da fatanya ba tukuna, ko da yake hannuna yana ƙaiƙayi. Kowace safiya nakan damƙi ƙasa cikin tafin hannu in matse, in buɗe, in taɓa ta da babban yatsa. Idan ta wargaje, ta isa aiki. Idan kuwa ta dunƙule ta yi sheƙi kamar yumɓu, ruwa bai tsane ba, kuma wanda ya kafce ta a haka ko ya tattake ta, zai shekara yana fama da dunƙulen da saiwa ba ta iya ratsawa. Jiya ma dunƙulewa ta yi. Abin da na yi kawai shi ne na baza ruɓaɓɓen taki a saman komaye ba tare da na juya ba, na bar wa tana aikin shigar da shi. Da zarar ta tsane zan yafa latas da albasa, tun da su suna iya tsira ko da ɗumin ƙasa bai wuce digiri 5 zuwa 7 ba, sai dai a hankali.

Na kuma gwada ragowar irin da na adana. Nakan ɗauki ƙwaya 10 in nannaɗe a jiƙaƙƙen ƙyalle in ajiye a wuri mai ɗumi. Na tumatir, mai shekara uku, tara suka tsira. Na albasa kuwa biyu kacal, wanda bai ba ni mamaki ba, domin irin albasa ba ya jure ajiya fiye da shekara ɗaya ko biyu. Kai ma in kana da tsohon iri, ka gwada shi haka kafin ka ba shi wuri.

Almakashi da zarto na wasa su na goge musu tsatsa, na datse wa bishiyar tuffa matattun rassa da waɗanda suke gogar juna, tun tana barci ba ta buɗe toho ba. Ban cire fiye da kashi ɗaya cikin huɗu ba. Tohon nata ya fara kumbura, ya yi gashi-gashi fari a baki, kuma kullum sai na tsaya na duba shi.

Ka rubuto mini halin da itacen da ka dasa yake ciki, domin tun wasiƙar da ta gabata ba ka sake ambatonsa ba. Ni kuma, in Allah ya yarda, ranar da tattasan nan ya ɗago kai daga tukunya zan sanar da kai. Ka gaishe mini da iyali da yara. Allah ya sada mu da alheri.

Naka har kullum,
Amininka