Maganar zoɓo mai gas da kat tambaya

Assalamu alaikum Yaya, ina gaisuwa, ya gida ya su Inna da yara, ya zahin Sakkwato? Mu nan Hambog ta Jamus lahiya lau sai sanyi.

Na ji saƙonka kan zoɓon da nike sakawa gas ina kai ma 'yan uwanmu in ana suna ko walima, kace kana son ka gwada a shago. To bari in hwaɗa maka wahalar da nis sha tukuna. Abin da nike zuba zoɓon ciki tankin ƙarhe ne mai cin lita 19, asalinshi na kamfanonin lemu ne, yanzu masu dahwa giya a gida su ka yawan sayenshi, ni dai zoɓo da citta da kanumfari kawai ka shiga nawa. Sai tukunyar iskar CO2, wato gas ɗin da ke cikin lemun kwalba, da ragileta mai daidaita ƙarhin iskar, mai agogo biyu, ɗaya na nuna abin da ke cikin tukunya ɗaya na nuna ƙarhin da ke shiga tanki.

Karon hwarko na sa ƙarhin iska bar 2 (bar shi ne ma'aunin ƙarhin iskar) na bar tankin a kicin kwana ukku, in buɗe sai kumhwa ta cika kofi, tana kwantawa zoɓon salam ba ko ɗan tsami na gas, nai ta ƙara ƙarhi ina ganin laihin ragileta ne, ashe zahi ne. Ruwa mai ɗumi bai riƙe iska sosai Yaya, sai da nis sa shi firji ya kai digiri 4 sannan yas sha gas ɗin, da bar 2 ɗin nan dai, cikin kamar mako guda.

Sannan wata sahiya na iske tukunya wayam, zoben robar murhin tanki ne yat tsage iska na zurarewa a hankali. Yanzu duk mahaɗa sai na shahwa mata ruwan sabulu, inda yat taso da ƙwai-ƙwai nan ne ɓarakar. Kuma kar agogon tukunya ya ruɗe ka, in ba zahi sosai yana tsayawa wajen bar 50 zuwa 60 har sai ta kusa ƙarewa sannan ya hwaɗi lokaci guda. Tiyo ma in gajere ne kumhwa za ka ta zubawa.

Abin da ya hi damuna shi ne wuta. Zoɓo mai sukari in anka ɗauke wuta ya kwana biyu cikin zahin watan Afrilu zai hwara tsami ya juya, kuma ka san inda yaka juyawa, ba mu sai da ma mutane wannan balle da azumi. In ba ka da sola da za ta riƙe firji dare da rana don Allah ka dakata, kar ka sayi komi tukuna. In kuma ka samu, tukunyar ta tsaya a tsaye a ɗaure, ba a ɗakin da yara ka kwana ba, iskar ba ta da wari.

Ka gaida Inna kace maganin gwiwarta na nan tahe hannun wanda zai zo bayan Sallah.

Ƙanenka.