Sanarwa: Zaman Nazarin Waƙar Yaƙin Burmi

Assalamu alaikum ƴan uwa masu albarka.

Ranar Asabar bayan Isha'i za mu tattauna waƙar da ɗan uwanmu ya turo kan yaƙin Burmi, inda Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ya yi shahada a hannun sojojin Ingila ranar 27 ga Yuli, 1903, wata huɗu bayan faɗuwar Sakkwato.

Don Allah kowa ya rera ta da murya kafin zaman, kunne ne alƙalin karin waƙa. An gina ta kan karin Mutaƙarab, wato ma'aunin fa'ulun fa'ulun, mai gudu kamar sukuwar doki, kuma ya dace da baitocin artabu sosai. Sai dai da aka zo kan gawarwaki da marayu, saurin nan ya danne baƙin cikin. A ganina can wurin yana buƙatar dogayen gaɓoɓi masu jan numfashi, yadda mai sauraro zai ji nauyin a ƙirjinsa.

Ku duba babban amsa-amon "-ra" ma, wato sautin da ke rufe kowane baiti. Kalmar "Nasara", wato Turawa, ta dawo sau da yawa: ƙarfi ta ƙara ko gundura?

Duk wanda ke da gyara ya kawo baitin da hujjarsa. A jinkirta sauran saƙonni har a gama.

Allah Ya kai mu.