Zuwa ga aminina a Agege, kan kasalar barin enaji

Herwagana, Gombe

Aminina,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da abokan zamanka na Agege. Mu nan lafiya lau, sai godiyar Allah. Na leƙa wurin Inna ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci. Ƙafar ta yi sauƙi, har tana fitowa tsakar gida da kanta. Ta ce saƙonka ya iso, Allah ya yi maka albarka.

Shekaranjiya da muka yi waya layi bai bar mu mun ƙarasa ba, kuma tun daga lokacin muryarka ta tsaya mini a rai. Ka ce kwananka 4 da barin shan enaji, lemun nan na gora da ake sha don a kori barci da gajiya, kai kamar zai tsage, gaɓoɓi kamar an yi maka dukan tsiya, kana tsaye ana sauke kwandunan tumatir a kasuwar Mile 12 barci yana fizgarka. Ka ce ko dai wani ciwo ne ya kama ka, ko kuwa ka haƙura ka koma sha tunda da shi ake neman abinci. Shi ya sa na rufe shago da wuri na ɗauki biro, in na gama in ɗauki hoton takardar in turo maka ta WhatsApp. Wannan kasalar na san ta, na kwana da ita na tashi da ita. Kada ka koma.

Ban taɓa ba ka labarin nawa dalla-dalla ba. Ka san halin teloli in azumi ya shiga goman tsakiya: shaddoji da yaduka sun kai rufi, kowa kuma da nasa zai je Idi. Ana idar da asham muke tada janareta, sai sahur. Shekara 3 da suka wuce wani yaron shagona ya miƙo mini gora mai sanyi, ya ce, "Oga, gwada wannan." A daren nan na haɗa kaftani 4 ido garau, na ce ai na samu magani. Sallah ta wuce, shan bai wuce ba. Kafin in farga sai da na kai gora 3 a yini, ga kofi na leda a wurin mai shayi da safe, ga goro a aljihu saboda yamma.

Azumin bana abin ya juya mini. Ina kwance sai in ji zuciya tana dukan ƙirji kamar na yi gudu. Hannu ya fara rawa, zare ya ƙi shiga allura sai na kira yaro. Ana saura kwana 6 Sallah na sa almakashi na yanka wuyan babbar rigar wani dattijo ba daidai ba, shadda mai tsada, kuma shekara 10 ina yi masa ɗinki. Bai yi faɗa ba. Kallona kawai ya yi ya ce, "Malam, yaushe rabonka da barci?" Na rasa amsa. Bayan Sallah na je asibiti, aka auna jinina aka ce ya hau. Likitan ya tambayi abin da nake sha, ya sa na kawo gorar, muka karanta ƙananan rubutun da ke jikinta tare. Nawa an rubuta miligiram 30 na kafeyin, sinadarin da ke hana barci, a kowane mililita 100, gorar kuma rabin lita ce, ka ga 150 ke nan, sau 3 ya zama 450, ba a lissafa kofi da goro ba. Ya ce abin da masana suka tsayar wa baligi mai lafiya kada ya wuce 400 a yini, mai juna biyu kuwa 200. Sukarin da ke cikin gora ɗaya kuma ya haura cokalin shayi 10, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya tana cewa kada mutum ya wuce wajen giram 50 a yini gaba ɗaya, kimanin cokali 12.

A ranar na bari, dungurungum, kamar yadda ka yi. Yinin farko ban ji komai ba sai da magariba kai ya fara nauyi. Rana ta biyu da ta uku su ne baƙin cikin. Ciwo ya kama ni daga bayan ido har ƙeya, ga tashin zuciya, ga hamma ba iyaka. Na kifa kai a kan keken ɗinki da hantsi, ban farka ba sai kiran azahar. Na daka wa yaron shago tsawa a kan maɓalli ɗaya, har yau ina jin nauyin abin, sai da na kira shi na ba shi haƙuri.

A nan ne na yi kuskuren da nake so ka kiyaye. Na aika aka sayo mini maganin ciwon kai, ina haɗiya cikin rabin awa na ware sarai, har na ce ashe abin bai kai ya kawo ba. Washegari ciwon ya dawo sabo. Da na je kemis ɗin unguwarmu da kwalin, mai shagon, wanda ya karanci harhaɗa magunguna, ya nuna mini cewa kowace ƙwaya akwai miligiram 65 na kafeyin a cikinta ban da farasitamol. Wato abin da na kora ta ƙofa shi na shigo da shi ta taga. Duba kwalin duk abin da za ka sha, ka nemi farasitamol zalla. Haka ma goro, wanda wajen kashi 2 cikin 100 na nauyinsa kafeyin ne (ba banza ba kakanninmu suka riƙa tafiya har Gwanja fataucinsa), haka shayin ganye, haka baƙin lemun kwalba.

Shi mai kemis ɗin ne ya zaunar da ni ya warware mini yadda abin yake, ni kuma na fahimce shi da ido irin na tela. Tun da mutum ya farka da safe jikinsa yake tara wani sinadari da ake kira adinosin. Ka ɗauke shi kamar maɓalli, ƙwaƙwalwa kuma tana da ramukan da yake shiga. Duk wanda ya shiga raminsa sai jiki ya ƙara jin gajiya, har dare ya yi mutum ya kwanta, barci ya kwance su. Shi kafeyin girmansu ɗaya da wannan maɓallin, sai ya riga shi shiga ramin ya toshe. Gajiyar tana nan tana taruwa, kai ne dai ba ka jin ta. Da ƙwaƙwalwa ta ga kullum a toshe suke, sai ta huda sababbin ramuka, shi ya sa gora ɗaya take daina isa. To ranar da ka bari, tsofaffi da sababbi duk a buɗe suke, adinosin ya cika su lokaci ɗaya. Kasalar da kake ji ke nan. Ciwon kan kuwa, kafeyin yana tsuke jijiyoyin jini na cikin kai, in babu shi sai su buɗe jini ya kwararo da yawa. Ka tuna ciwon kan da mashaya shayi da goro suke kuka da shi a ɗaya ga azumi? Sau da yawa wannan ne.

Ya ce abin yakan fara awa 12 zuwa 24 bayan shan ƙarshe, ya yi tsanani a rana ta biyu, ya lafa tsakanin kwana 2 zuwa 9. Da a ce ka shawarce ni kafin ka fara, da na ce ka riƙa ragewa a hankali, rabin gora bayan 'yan kwanaki, tsawon mako biyu ko uku, don hakan ya fi sauƙi a jiki. Amma yau kana kwana na 6, ka riga ka haye wurin da kogin ya fi zurfi. In ka koma yanzu, wahalar da ka sha ta tafi a banza, kuma wata rana sai ka sake shan ta daga farko.

Sai dai ba zan ɓoye maka ba, ni ciwon kai ya tafi cikin mako guda amma gajiya ta kai mako 3 tana bina. Wannan ya fi tsorata ni, har na fara zargin ko ƙarfina ne ya ƙare ke nan. Da na zauna na yi lissafi sai na ga shekara 3 ina barcin awa 4, wani lokaci 5, alhali baligi yana bukatar 7 ko fiye. Enaji bai taɓa ƙara mini ƙarfi ko na ƙwayar zarra ba. Rance ya riƙa ciwo mini daga barcin gobe, yanzu kuma mai bashi ya zo ya zauna a ƙofar gida. Da na gane haka sai na daina faɗa da jikina, na shiga biya.

Na tsayar wa kaina ƙarfe 10 na dare a rufe shago ko da aiki ko babu, waya kuma ta kwana a falo. Bayan asuba ba na komawa shimfiɗa, sai in taka daga gida zuwa wajen fadar Sarki in kewayo ta Jekadafari rana tana fitowa. Kwanakin farko jan ƙafa nake yi, amma hasken safiyar nan yana buɗe ido fiye da yadda na zata. Bayan azahar in shimfiɗa tabarma a bayan shago in yi ƙailula ta minti 20, yaro ya tashe ni. Na lura in ta kai awa guda sai in tashi jiki a mace, dare kuma barci ya ƙi zuwa. Wannan ƙailular da malamanmu suke ta kwaɗaitar da mu tun muna makarantar allo, ita ta fi komai riƙe ni.

Abinci ma sai da na sake masa tsari. Da ba na karyawa, sukarin gora ne karin kumallona. Yanzu koko da ƙosai ko kunun gyaɗa da safe. Da rana na daina cika ciki da shinkafa fal, don ina gamawa ido ke rufewa. Wake kaɗan ko fura da nono ba sukari da yawa sun fi yi mini. Ruwa kuwa, ka san zafin Gombe a watan Afrilu, na ajiye jarka kusa da keke. Akwai ranakun da na ɗauka kasala ce ashe ƙishirwa ce. In hannu ya saba riƙe abu mai sanyi da la'asar, maman yara takan aiko da zoɓo mai citta, ko kunun aya.

Abin da ya fi mini wuya ba a jiki yake ba, a shago yake. Da Babbar Sallah ta gabato na ƙirga abin da zan iya ɗinkawa da rana kaɗai, na tsaya a nan. Na mayar da ɗinkin mutane da yawa, wasu sun ji haushi, biyu ba su sake dawowa ba. Na kwana ina juyi a kan kuɗin da na bari, ga kuɗin rago, ga kayan yara. Amma ban ɓata yadin kowa ba, ban yi wa kowa alkawarin ƙarya ba, kuma na je Idi a tsaye da ƙafata ba jiri. Dattijon nan mai babbar riga ya sake kawo shadda, na yanka wuyan hannuna ko motsi bai yi ba. A majalisar mai shayi kuma har yanzu ina zama, sai dai a dafa mini citta da kanumfari da lemun tsami. Goron ɗaurin aure ina karɓa in sa a aljihu in kai wa Inna.

Na san naka ya bambanta da nawa, tunda motocin kaya cikin dare suke isowa, ba kai ke zaɓar lokaci ba. Don haka barcin ranarka ka ɗauke shi kamar aiki. Ka rufe tagar da baƙin ƙyalle, ka kashe waya, ka roƙi 'yan ɗakinku su bar ka awa 6 ko 7, ko da a kashi biyu ne. In wani dare ya gagara, kofin shayi ɗaya a farkon dare ba zai rushe abin da ka gina ba, don kafeyin ɗinsa bai kai rabin na gorar nan ba. Amma kada ka sha gab da asuba, saboda bayan awa 5 rabinsa yana nan cikin jini, zai hana ka barcin da kake nema. Kuma don Allah a 'yan makonnin nan kada ka hau babur da kanka in ka tashi daga aiki, barci ɓarawo ne.

Akwai wata magana da zan faɗa maka saboda kai ne. A irin wannan halin za ka samu wanda zai ce ga wata 'yar ƙwaya, rabi kawai, ta fi enaji aiki. Ni ma an yi mini tayin. Ka san yaran unguwarmu da taramol ya mayar yadda ya mayar, da haka suka fara, neman ƙarfin aiki. Ko kyauta aka ba ka kada ka karɓa.

Idan kuma an yi wata guda gajiyar ba ta ragu ba, ko ka ji zazzaɓi, ko numfashi yana yi maka wuya, ko yawan fitsari da ƙishirwa, ko bugun zuciyar da bai lafa ba, to kada ka ɗora wa barin enaji. Je asibiti a duba maleriya, a auna yawan jini da sukari da hawan jini. Ni da na koma bayan wata 2 an ce nawa ya sauko, amma likita ya ce in riƙa zuwa awo, ina kuma zuwa.

Kira ni ranar Juma'a bayan la'asar ka gaya mini yadda ka kwana, ko ba daɗi ka faɗa mini gaskiya. Yadin da ka bari a wurina yana nan cikin akwati, turo mini sabon awonka in ɗinka, in ba direban da ke kai kaya Legas daga Tudun Hatsi ya taho maka da shi. Maman yara tana gaishe ka, yaran shago ma haka. Ka gaishe mini da mutanen Gombe na wajenku baki ɗaya. Allah ya ƙara sauƙi, ya ba ka barci mai albarka.

Naka har kullum,
Amininka na Herwagana